Me yasa kansar ƙwaƙwalwa ta giliyoblastoma take dawowa bayan tiyata, gashi da kemo?

Sanata Ted Kennedy na Amurka ya rasu ranar 25 ga Agusta 2009, Sanata John McCain shima ya rasu ranar 25 ga Agusta 2018, shekara tara cif a tsakaninsu kuma ciwo ɗaya ne yayi ajalinsu. A tsakiyarsu akwai Beau Biden, ɗan Joe Biden, wanda ya rasu a watan Mayu 2015 yana da shekara 46, lokacin babansa na mataimakin shugaban ƙasar Amurka. Mutanen nan fa babu asibitin da yafi ƙarfinsu a duniya, Kennedy a jami'ar Duke aka masa aiki, McCain a Mayo Clinic, Beau a MD Anderson ta Texas, amma Kennedy wata 15 yayi bayan an gano ciwon, McCain wata 13, Beau bai cika shekara biyu ba. Sunan ciwon giliyoblastoma, shine mafi muni a cikin kansar da take farawa daga cikin ƙwaƙwalwar manya, kuma a cikin mutum 100 da suka kamu da ƙyar ake samun 5 zuwa 7 da suke kai shekara biyar.

Maganin da ake yi yau a ko'ina kusan shine wanda wani likita Roger Stupp da abokan aikinsa suka tabbatar a 2005. A yi tiyata a cire abin da zai ciru, a yi gashi, wato haska wajen da haske mai ƙarfi don kashe kansar, na sati shida ana haɗawa da ƙwayar kemo mai suna temozolomid, sannan a ci gaba da ƙwayar kwana biyar a kowane wata har wata shida. A gwajin nasu na mutum 573, masu gashi kaɗai rabinsu sun wuce wata 12.1, waɗanda aka haɗa musu da ƙwayar kuma wata 14.6. Ƙarin wata biyu da rabi kenan, kuma shekara 20 ana nan kusan a wajen. Toh me ya hana a ci gaba, alhali kansar mama da wasu na jini an ci ƙarfinsu sosai a wannan tsakanin? Kaso mafi girma na amsar yana cikin ƙwayoyin gadon ƙarin ne, wato tsiron kansar da ke cikin kai.

Amma kafin nan akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa. In akace ƙwayoyin gado sai hankali ya tafi kan abun da uwa da uba suka ba ɗa. Wannan ɗaya ne. Na biyun shine canjin da yake faruwa a cikin sel ɗaya (sel sune 'yan ƙananan halittun da suka haɗu suka yi jiki) na jikin mutum bayan an haife shi, don duk lokacin da sel zai rabu biyu sai ya kwafi DNA ɗinsa mai haruffa wajen biliyan 3, kuma a kwafin nan ana samun kuskure jefi-jefi. Irin wannan kuskuren babu shi a jinin mutum, babu shi a maniyyi ko ƙwan mace, a cikin ƙarin kawai yake, don haka ba'a gadar da shi ga 'ya'ya. Mafi yawan giliyoblastoma daga wannan na biyun take. Wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai na masu irin wannan ƙarin ake samun wani ɗan uwa na kusa da ya taɓa yi, saboda haka wanda mahaifinsa ya rasu da ita ya kwantar da hankalinsa, akasari ba gado bane.

Wancan ɗan kason na gado kuwa akwai sanannun cututtuka a ciki, kamar Li-Fraumeni inda mutum ke gadon lalatacciyar ƙwayar TP53 mai kare sel daga zama kansa, da niyurofaibromatosis mai fito da ƙulla-ƙulla da tabo a fata. Akwai kuma wata da nake ganin ya kamata likitocinmu su riƙa tunawa da ita, ana ce mata CMMRD, yaro ne ke gadon lalatacciyar ƙwayar gyaran kuskuren DNA daga uwa da uba duka biyun, sai kansar ƙwaƙwalwa ko ta jini ko ta hanji ta same shi tun yana ƙarami. Ba kasafai ake samunta ba, amma anfi ganinta a al'ummar da ake auren zumunci, mu kuma ai mun san yadda auren ɗan wa da 'yar ƙani yake a wajenmu. Ba ina cewa auren zumunci na kawo kansa bane, a'a, amma gidan da yara biyu 'yan ɗaki ɗaya sukayi kansa suna ƙanana, abun ya wuce a ce tsautsayi kawai a yi shiru. Sannan akwai ƙananan bambance-bambance na harafi ɗaya da suke ɗan ƙara haɗari, a 2012 masu bincike na Mayo Clinic da jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko sun gano ɗaya a kuromozom (ƙunshin DNA da ke cikin sel) na 8 da yake ninka haɗarin wani nau'in ƙarin wajen sau shida, kuma a jikin Turawa akafi samunsa. Ko sau shidan ma in ka ninka abun da dama mutum 3 ne cikin 100,000 suke kamuwa a shekara, har yanzu kaɗan ne.

Maganar wayar salula kuma da ake ta turawa a WhatsApp, wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa akayi ya fito a 2024, ya haɗa bincike 63, bai samu alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba. Abu ɗaya daga waje da aka tabbatar shine haske mai ƙarfi irin na gashi a kai, musamman a yarinta, an gani a yara sama da 10,000 da aka haska wa kai a Isra'ila tsakanin 1948 da 1960 don maganin makero, daga baya ƙarin ƙwaƙwalwa yayi musu yawa fiye da sauran mutane.

Yanzu mu shiga cikin ƙarin. A 2008 wani babban shiri na gwamnatin Amurka mai suna TCGA, wanda aikinsa karanta DNA ɗin kansa iri-iri, ya fitar da sakamakonsa na farko, kuma da giliyoblastoma ya fara. Abun da aka gani shine kusan kowane ƙari ya lalata tsari uku a lokaci guda, na farko wanda ke ba sel umarnin ya girma ya rabu, na biyu wanda ke tsayar da shi, na uku wanda ke sa sel ya kashe kanshi in ya lalace. Yawanci za ka tarar ƙarin yana da kuromozom na 7 fiye da biyun da aka saba, na 10 kuma ɗaya ya ɓace, kuma ba banza ba, don a kan na 7 ne ƙwayar EGFR mai cewa a girma take, a kan na 10 kuma PTEN mai cewa a dakata. A kusan rabin marasa lafiyar EGFR ɗin ma ba kwafi uku ko huɗu bane, gommai ne a sel ɗaya. Sai kuma TERT, wadda a sel na babban mutum a kashe take shi yasa sel ke tsufa ya daina rabuwa, mafi yawan waɗannan ƙarin sun canza harafi ɗaya tak sun kunna ta, sel ɗin ya daina tsufa kenan.

A wannan shekarar ta 2008 ne kuma 'yan jami'ar Johns Hopkins suka ci karo da abun da ba wanda ya zata. A kashi 12 cikin 100 na ƙarin da suka duba akwai canji a wata ƙwaya IDH1, wadda aikinta sarrafa abinci ne a cikin sel, ba wanda yake lissafa ta a maganar kansa. Masu wannan canjin matasa ne akasari, kuma suna daɗewa sosai fiye da sauran. Binciken da ya biyo baya a 2009 ya nuna wata 31 ga masu canjin, wata 15 ga marasa shi, kuma sama da kashi 70 na ƙarin masu tafiya a hankali suna ɗauke da shi. Daga baya aka gane cewa lalatacciyar IDH tana ƙera wani sinadari da ake kira 2-HG, shi kuma yana taruwa ya hargitsa yadda sel ke kunna wasu ƙwayoyin gado da kashe wasu, sai sel ya kasa girma ya zama cikakke, ya tsaya yana ta rabuwa. Ma'ana shekara da shekaru likitoci na duba tsoka biyu a madubin gwaji suna ganinsu iri ɗaya suna basu suna ɗaya, ashe cuta biyu ce daban, asalinsu daban, tafiyarsu daban. Abun ya kai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta canza ma'anar sunan gaba ɗaya, yanzu in ƙari nada canjin IDH ba'a kiransa giliyoblastoma ko yaya muninsa yake a ido, sai dai astrosaitoma mataki na 4. Haka kuma ƙarin da a madubi yake kama da mai sauƙi, in ba shi da canjin IDH amma yana da na TERT ko yawan EGFR ko wancan na kuromozom 7 da 10, toh giliyoblastoma ne, a bi shi da ƙarfi tun wuri.

Sai wata ƙwayar gado MGMT, wadda ita ke nuna ko kemon zai yi wa mutum amfani sosai ko a'a. Temozolomid yana aiki ne ta hanyar manna wani ɗan sinadari a jikin DNA ɗin ƙarin har kwafi ya gagara sel ya mutu, ita kuma MGMT aikinta ta zo ta ɓanɓare abun da aka manna. A kusan kashi 45 na marasa lafiya ƙarin da kanshi ya riga ya kashe MGMT ɗinsa, waɗannan sune kemon yake kamawa. Wata mai bincike Monika Hegi ta duba tsokar mutanen gwajin Stupp ɗin nan, ta samu masu kasasshiyar MGMT da suka sha ƙwayar sun kai wata 21.7, masu kunnanniya kuma 12.7, kusan daidai da a ce gashi kaɗai aka musu. Shi yasa in tsoho ne da jikinsa ba zai ɗauki duka biyun ba, wannan gwajin ne ke taimaka wa likita ya zaɓi gashi ko kemo.

Duk wannan bambanci ne tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Wanda yafi ɗaure kai, kuma a ganina shine ainihin dalilin da ciwon ya gagara, shine bambancin da ke cikin ƙari ɗaya a kan mutum ɗaya. A 2013 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka riƙa yankar tsoka daga ɓangarori daban-daban na ƙari guda lokacin tiyata, sai suka tarar gefen nan da gefen can canjinsu ba ɗaya ba, har wani lokaci in ka tura su gwaji daban za'a ce maka nau'i biyu ne. A 2014 wasu a Boston suka je ƙasa da haka, suka duba sel 430 ɗaya bayan ɗaya daga ƙari biyar, suka ga sel biyu maƙwabtan juna wannan ya dogara da EGFR wancan da wata ƙwayar daban. Kenan sakamakon gwajin da ake ba mutum a takarda labarin ɗan yankin da aka ɗebo ne, ragowar da aka bari a kai yana iya zama wani abun.

Duk wanda ya girma a zamanin kulorokwin zai gane abun da ke biyo baya. Da can ƙwaya kaɗan ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro, a hankali ta daina aiki har gwamnatin Najeriya ta sauya magani wajajen 2005, don maganin ya kashe ƙwayoyin cutar da yake iya kashewa ya bar masu taurin kai, su kuma suka hayayyafa suka cika gari. Abun da ya ɗauki shekaru a faɗin nahiya shine yake faruwa a cikin kan mutum ɗaya a watanni. Gashi da kemo su kashe kaso mafi yawa, hoton MRI yayi kyau, dangi suyi hamdala, 'yan tsirarun da suka tsira kuma dama sune waɗanda maganin baya yi musu komai, sai su tsiro, shi yasa ƙarin da ya dawo yake fin na farko taurin kai.

Misalin da yafi fito da wannan shine na wata allura mai suna rindopepimut. Akwai wani gurɓataccen nau'in EGFR da ake kira EGFRvIII, wanda babu shi a lafiyayyen sel ko ɗaya a jikin mutum sai a ƙarin, abun nema ya samu kenan, a koya wa garkuwar jiki ta kai masa hari. Gwaje-gwajen farko sun bada fata sosai. Da akayi babban gwaji na mutum 745 sai aka dakatar a 2016, ba wani bambanci tsakanin waɗanda aka yiwa da waɗanda ba'a yiwa ba. Da aka duba ƙarin da suka dawo, fiye da rabinsu babu EGFRvIII ɗin kwata-kwata, kuma abun mamaki har a waɗanda ba'a yiwa allurar ba haka ne. Ƙarin bai damu da shi ba, in yana nan yayi amfani da shi, in babu ya ci gaba da harkarsa.

Dakin binciken Paul Mischel a San Diyego ya gano wata dabarar da ta fi wannan ma. Waɗancan gomman kwafin EGFR ɗin yawanci ba'a kan kuromozom suke ba, a wasu 'yan ƙananan zobba na DNA suke da ke yawo a cikin sel, kuma in sel ya rabu ba'a raba zobban daidai, wani ya samu da yawa wani ya samu kaɗan, don haka a kowane lokaci akwai sel masu kowane irin adadi. A 2014 suka nuna in aka saka maganin da ke kai wa EGFR hari sai zobban su ɓace daga ƙarin, in aka janye maganin sai su dawo. Magungunan EGFR irin su erlotinib sun canza rayuwar masu wani nau'in kansar huhu, amma a ƙwaƙwalwa an gwada an gwada ba abun da suka tsinana, wannan na daga cikin dalilan.

Shi kanshi kemon yana iya ƙara dagula lissafi. Wani bincike na San Faransisko a 2014 ya bi masu ƙari mai tafiya a hankali, aka kwatanta na farko da wanda ya dawo, a mutum 6 cikin 10 da suka sha temozolomid ƙarin ya dawo da ɗimbin sabbin canje-canje masu ɗauke da tambarin maganin, ya koma mai tsanani. Kar wani ya karanta wannan yace zai ƙi kemo, ga mai giliyoblastoma amfaninsa ya rinjayi wannan haɗarin nesa ba kusa ba, amma yana nuna dalilin da yasa likitoci ke jan ƙafa wajen ba matashi mai ƙari mai sauƙi.

Wani zai ce toh a yanke shi duka mana tun farko kafin ya samu damar duk wannan. An gwada. A 1928 wani likita Walter Dandy na Johns Hopkins ya bada rahoton marasa lafiyar da ya cire wa rabin ƙwaƙwalwa sukutum, ɓarin dama gaba ɗaya, duk da haka ciwon ya dawo. Sel ɗin ƙarin suna bin jijiyoyi suna kutsawa cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa ɗai-ɗai inda hoto baya ganinsu, kuma ƙwaƙwalwa ba mama bace ko hanji da za'a yanke da faɗi, santimita ɗaya na iya zama maganar mutum ko motsin hannunsa. Ga kuma shingen da Allah ya yi tsakanin jini da ƙwaƙwalwa don kare ta daga guba, shi ke tare mafi yawan magungunan kansa su kasa isa wajen da yawan da zai yi aiki.

Inda ilimin ƙwayoyin gadon ya biya kuɗin sabulu zuwa yanzu shine wajen IDH, kuma dalilin a bayyane yake, canjin IDH yana faruwa ne tun farkon fari, don haka kusan kowane sel na ƙarin yana ɗauke da shi, ba kamar EGFRvIII da wasu keda wasu basu da ba. Wata ƙwaya vorasidenib da aka ƙera musamman don ta tsallake wancan shingen ta toshe lalatacciyar IDH, a gwajin mutum 331 masu ƙari mataki na 2, ta jinkirta ci gaban ciwon zuwa wata 27.7, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki kuma 11.1, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a Agusta 2024. Sai dai mai giliyoblastoma ta gaske ba ruwansa da ita tunda ba shi da canjin. A nasu ɓangaren abun da ake gwadawa yanzu shine a kai hari wuri biyu ko fiye a lokaci guda, kamar yadda akayi a babban asibitin Massachusetts inda aka sarrafa sel ɗin garkuwar jikin mutum uku aka zuba musu kai tsaye a ruwan ƙwaƙwalwa, rahoton ya fito a Maris 2024, ƙarin ya motse cikin kwanaki har hotunan suka zaga duniya, amma a biyu daga cikin ukun ya dawo ba da jimawa ba. Ni dai duk kanun labarin da yace an samo maganin wannan ciwon, abun da nake fara nema shine mutum nawa aka gwada a kansu kuma wata nawa aka bi su.

A wajenmu kuma matsalar tun kafin a kai nan take farawa. Babban mutum ya fara farfaɗiya da bai taɓa yi ba, ko ciwon kai mai tsanani da asuba da amai, ko halinsa ya canza ya fara magana ba kan gado, ko ɓari ɗaya ya saki a hankali cikin makonni, sai a tafi wajen ruƙiyya ko a ce shanyewar ɓarin jiki ce ta hawan jini, ciwon da kuma yake iya ninka girmansa cikin 'yan makonni. Addu'a ba ta hana hoto, a haɗa biyun. In an kai ga tiyata, a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Abuja, haƙƙin dangi ne su tambayi sakamakon tsokar da aka cire, su kuma tambaya ko an duba IDH. Wajen kashi 90 na canjin IDH iri ɗaya ne da ake kira R132H, kuma shi ana iya gano shi da wani rini da ake ɗiga wa tsokar a duba a madubi ba sai an karanta DNA ba, ya fi sauran gwaje-gwajen sauƙin kuɗi. MGMT ce ke buƙatar ɗakin gwaji na musamman, sau da yawa sai an tura tsokar wani wajen, shi yasa yake da kyau a tabbatar an adana ta a cikin kakin da ake saka ta, don ko bayan watanni ana iya yankowa daga ciki a tura. Sannan alkaluman da na kawo a sama kusan duka daga jikin Turawa aka samo su, a shirin TCGA baƙaƙen fata 'yan tsiraru ne, kuma a Amurka an lura giliyoblastoma ta fi kama farare kusan ninki biyu a kan baƙaƙe, don haka kaso nawa na marasa lafiyar Kano ko Damagaram ne keda canjin IDH ko kasasshiyar MGMT, wannan lissafi ne da sai likitocinmu sun tara tsokar mutanenmu sun gwada da kansu.